Takardar Halartar Taro a Riyad

Tun da na dawo daga Riyad, majalisarmu ta ƙofar shagon mai faci a Kakuri ba ta bar ni na sha iska ba. Wannan ya ce, "Sakatare, ina tsaraba?" Wancan ya ce, "Wai da gaske ne can har lebura a mota mai sanyi yake zuwa aiki?" Ni kuwa sai in miƙa dabino, in ce lafiya lau, in kawar da zancen. Wata huɗu ina haka. To, na gaji da ɓoyo. Ga labarin nan a rubuce, wanda ya karanta kada ya sake tambayata.

Ga wanda bai san ni ba, sunan Sakatare ya bi ni ne daga masaƙa. Shekara goma sha tara ina sakataren reshen ƙungiyar ma'aikata, har ranar da aka garƙame ƙofar kamfanin da kwaɗo. A zamaninmu mun taka titi. Mun fita kan tsadar abinci, mun fita kan wariyar launin fata da ake yi wa 'yan'uwanmu a Afirka ta Kudu, mun fita kan yaƙe-yaƙen da manya ke haɗawa talakawa su mutu. Na shaƙi barkonon tsohuwa, na zauna a bayan kanta. Aikin ya bar mini hali ɗaya da na kasa yarwa: duk inda mutum uku suka taru, sai na ciro takarda na ja layi uku, suna, gari, wurin aiki. Marigayiya matata takan ce ko taron suna aka zo gidanmu sai na ɗauki sunayen mahalarta.

Bayan rasuwarta ne ɗana Auwal, mai aikin gwajin jini a wani asibitin kuɗi a Riyad, ya aiko mini da bizar ziyara, wai in je in canja iska. Na bi mota zuwa Kano, taya ta fashe mana bayan Zariya, muka isa filin jirgi ina haki kamar wanda aka koro. Jirgin kansa ba ni da abin faɗa a kai, ban da cewa ƙafafuna sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga.

A filin jirgin Riyad na fara karatu. Layi uku ne. Na farko na 'yan ƙasa da maƙwabtansu, kafin ka ƙifta ido sun wuce. Na biyu Turawa ne da jakunkunansu masu taya, su ma ba su daɗe ba. Na uku mu ne, mu da mutanen Bangaladash da Habasha, muka yi awa uku a tsaye. Da aka zo kaina, na'urar ɗaukar hoton yatsa ta ƙi ni. Zare da ruwan rini sun shafe zanen yatsuna tun tuni. Yaron da ke kan tebur, sa'an Auwal ko ma bai kai ba, yana danna wayarsa da hannu ɗaya yana danna yatsana da ɗayan, yana cewa, "Yalla, hajji, yalla." Sai a ɗan ƙaramin yatsan hagu na'urar ta yarda cewa ni mutum ne.

Auwal yana zaune a Malaz, hawa na uku, shi da matarsa Rukayya da 'yarsu Hanan, wadda ke kirana jaddi, wato kaka da Larabci, in na yi mata Hausa ta kalli uwarta a fassara mata. Gidan tsaf, sanyi ko'ina, amma tagogin ƙanana ne, gilashinsu mai duhu. Washegari na saka babbar riga na ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabci in gaishe shi, tun da ni ne baƙo. Mutumin ya leƙo ta 'yar kafa, ya dube ni sama da ƙasa, ya mayar da ƙofa. Auwal ya ce, "Baba, don Allah. Shekara shida muna nan, ban san sunansa ba."

Abinci kuwa shinkafa ce da kaza, yau da gobe, suna ce mata kabsa. Ba laifi, amma cikin da ya saba da tuwo ba ya jin ya ci. Gahawarsu mai ɗaci ce, a ɗan kofi kamar murfin kwalba. Ranar da wani abokin aikin Auwal ya gayyace mu, ba wanda ya gaya mini cewa sai ka girgiza kofin ake daina zuba maka. Na sha tara, ina jin kunyar in ƙi, mai zubawa yana jin kunyar ya tsaya. Kwana biyu zuciyata na bugawa kamar injin markaɗe.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ba a tafiya a ƙasa. Gari ne na mota. Tituna faɗi-faɗi, ko'ina an haƙa ramin jirgin ƙasan da suke ginawa, an kewaye da shingen roba ja da fari. In ka ga mutum yana tafiya a rana, to baƙar fata ne ko ɗan Asiya, kuma da tsintsiya ko shebur a hannunsa.

Zaman ɗaka ya sa na zama ɗan talabijin. Wata rana da la'asar na ga talakawan Amurka, baƙaƙe da farare, tsofaffi da masu keken guragu, sun cika titi hannu cikin hannu. Mai labarai ya ce sun farfaɗo ne da irin tattakin da iyayensu suka yi zamanin da baƙar fata ba ya zama a gaban motar haya, kuma abu uku suke kuka a kai: talauci, wariya da yaƙi. Wallahi sai da na miƙe tsaye. Na ji jinina na da ya dawo. Auwal ya ɗauki rimot ya canja tasha.

"Baba, nan ba Amurka ba ce, ba kuma Kaduna ba. Nan mutum biyar suka tsaya a titi da magana ɗaya a baki, mamnu'. An hana, kuma ba wasa."

Na ce masa mu ma da aka hana mu muka fita.

A makon nan ne Ilu ya zo gidan. Mutumin wani ƙauye ne kusa da Tasawa, ta wajen Maraɗi, dogo, siriri, ɗan shekara arba'in da wani abu, hannayensa fari fat da siminti. Ya zo ne Auwal ya karanta masa wata takardar asibiti. Ya ƙi hawa kujera, ya zauna a bakin ƙofa. Da na tambaye shi lafiya, sai ya ce, "Baba, ƙanena na shina kwance cikin ƙanƙara. Yau kwana arba'in da ukku."

Ga yadda abin yake. Kowane baƙon ma'aikaci a can yana da kafil, wato ɗan ƙasar da ya ɗauko shi, kuma yana da iƙama, katin zama, wanda aka rubuta sunan kafilin da irin aikin da aka yarda ya yi. Ƙanen Ilu, Laminu, a katinsa direban gida ne. Amma kafilinsa ya ba da aronsa ga wani mai tankokin ruwa, aka tura shi kudu, bakin iyakar da ake yaƙi. Wani abu ya faɗo daga sama kusa da motarsa. Aka kawo gawar Riyad. Ba a binne baƙo sai kafilinsa ya sa hannu, shi kuwa in ya sa hannu sai ya faɗi abin da ya kai direban gidansa bakin daga. Don haka kullum Ilu ya je, sai mai gadi ya ce masa, "Bukra, inshallah." Gobe. Gobe arba'in da uku.

"Ni ba diyya nika so ba," in ji Ilu. "Tsohuwarmu kullum ta kira ta ce, an sa shi? In ce ba a sa shi ba. Ta bar cin abinci. A ba ni shi in rufe, shi ke nan."

Ran nan na kasa cin kabsar Rukayya. Musulmi ya mutu da safe, a gida kafin azahar an kai shi. Nan, a ƙasar da muke fuskanta in za mu yi salla, ɗan mutane ya kwana arba'in da uku a cikin durowa.

Ranar Alhamis na ce wa Auwal zan je in yi wa Ilu gaisuwa, na hau tasi zuwa Ud, tsohuwar unguwa kusa da kasuwar Batha. Ɗaki ɗaya mutum goma sha biyu, gadajen ƙarfe hawa-hawa, kowa da jakarsa a ƙarƙashin kai. Daga tagarsu ana hango katangar tsohuwar maƙabarta, inda suka ce har sarakunan ƙasar suna kwance babu suna a kansu. Suka tuƙa mini tuwon simolina da miyar kuka, abinci na farko da na ci a garin ya zauna mini. Muna tsaye a ƙofa bayan nan, wasu samari suka wuce a mota, ɗaya ya jefo gwangwanin lemo ya yi ihu da wata kalma. Na tambayi ma'anarta. Ilu ya ce, "Bawa." Ya faɗe ta kamar mai faɗin ƙarfe nawa.

A nan ne Sakatare ya tashi a cikina. Na sa aka kira na sauran ɗakuna, mutanen Maraɗi da Damagaram da 'yan Katsina da Sakkwato. Na ba su labarin abin da na gani a talabijin. Na ce ga talauci ya koro ku daga gida, ga wariya ta sa ana ce muku bayi, ga yaƙin da ba naku ba ya cinye Laminu, me ya rage? Na ce ba za mu ɗaga kwali ba, ba za mu yi waƙa ba. Gobe bayan Juma'a mu raka Ilu gidan kafilin, a ƙasa, cikin fararen kaya, mu yi sallama mu tsaya. A gida in talaka yana da kuka, ai 'yan'uwansa ke raka shi ƙofar babba. Rakiya ce kawai.

Suka yi ta kallon juna. Wani dattijo ɗan Damagaram ya ce, "Malam, kai baƙo ne, tikitinka na aljihu." Na ji zafin maganar, don gaskiya ce, sai na rufe ta da faɗa. Na iya magana, wannan kun sani. Kafin magariba mutum talatin sun ce za su je.

Sai na ciro takarda na ja layi uku.

Ilu ya ce, "Baba, wanga kuma na mi ne?"

Na ce don kowa ya san ba shi kaɗai ba ne, kuma wanda ya sa sunansa ba ya zamewa gobe. Haka muke yi tun kafin a haife shi. Ya riƙe biron yana juya shi. Na ce, "Gawar ƙanenka ce, kai ne kuma za ka fara jin tsoro?" Allah Ya yafe mini wannan magana. Ya sunkuyar da kai ya rubuta. Yawancinsu ba su yi boko ba, allo suka yi, don haka da harufan Larabci suka cika takardar. A layin wurin aiki kowa ya rubuta gaskiya, inda yake zuwa kowace safiya. Na ninke ta na saka a aljihun gaba, ina jin daɗi kamar an dawo mini da ofishina.

Juma'a muka yi salla a wani masallaci a Ud, kafaɗa da kafaɗa da Larabawa, babu wanda ya ja jikinsa. Muka fito, na jera mutane biyu-biyu yadda muke yi a da, ni da Ilu a gaba. Gidan kafilin yana can gefen Malaz, tafiyar kamar minti arba'in. Rana tana dukan ƙeya, kwalta tana cin tafin ƙafa ta cikin takalmi. Babu gefen titi na masu tafiya, sai muka bi jikin shingen ramin jirgin ƙasa. Ba mai magana, sai ƙarar silifa. Motoci suna rage gudu, ana zuge gilashi ana ɗaukarmu a waya. Ba zan yi muku ƙarya ba, minti ashirin ɗin nan na ji daɗinsu. Na waiga na ga layin fararen riguna a bayana, idona ya kawo ruwa.

Motar 'yan sanda biyu suka tare mu a wata mahaɗa. Aka jera mu jikin shinge, aka ce kowa ya fito da iƙama. Kowa ya fito da ita, kuma duk masu rai ne, babu wadda ta ƙare. Babban 'yan sandan mutum ne mai furfura a gemu, ba shi da hayaniya. Ilu ya yi masa bayani da Larabcinsa na wurin gini, ina jin yana maimaita janaza, janaza. Na ga fuskar mutumin ta sauko. Ya tambayi kwana nawa, aka gaya masa, ya ce la haula. Ya rubuta sunan kafilin da lambarsa a ɗan littafinsa. Sannan ya ɗaga hannu alamar mu watse, kowa ya kama gabansa, kada a sake.

Har an fara juyawa, sai wani ƙaramin ɗan sanda da ke duba fasfona ya hango bakin takarda a aljihuna. Ya zaro ta.

Da da boko aka rubuta, wataƙila ya mayar mini. Amma harufansu ne, sunayen kamfanoni da shagunan garinsu ne, ya karanta tsaf. Ya miƙa wa babban. Aka sake karɓar katunan, ana duba kati ana duba takarda. Sai a lokacin na fahimci abin da kowane lebura a layin nan ya sani tun ranar da ya sauka: laifi ne babba ka yi aiki a wurin da ba na kafilinka ba. Kuma rabinsu haka suke rayuwa. Katin Ilu ya ce shi mai aikin gona ne a wani gari can waje, takardata kuwa ta ce yana kwaɓa siminti a tsakiyar Riyad, da rubutun hannunsa, kuma sunansa ne na farko.

Babban ya dube ni ya girgiza kai. Ina jin da bai ga takardar ba ya fi masa daɗi, amma ƙananansa sun gani. Mutum goma sha ɗaya aka ware. Ilu na cikinsu, aka nufi mota da shi. Ya cire hularsa ya goge gumi, ya mayar.

Ni tsufa da bizar ziyara suka cece ni. Aka kira Auwal ya zo ya sa hannu cewa zan bar ƙasar cikin mako guda. A mota bai yi mini faɗa ba. Da muka tsaya a danja sai ya ce, "Baba, ka tambaye su abin da ke cikin katinsu kafin ka ja layin nan?" Ban tambaya ba. Shekara goma sha tara ina koya wa mutane cewa ka fara sanin dokar wuri kafin ka fita, ni kuma na fita da dokar Kakuri a aljihu.

Ga abin da ya sa na kasa ba ku labarin nan da baki: tattakin ya yi aiki. Babban ɗan sandan nan ya kira kafilin. Kwana uku takarda ta fito da sa hannu. Abin da Ilu ya yi kwana arba'in da uku yana roƙo shi kaɗai, mutum talatin sun samo shi a minti ashirin. Shi kuwa yana gidan tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasarsu, an aske masa kai.

Ranar Talata aka yi wa Laminu salla bayan la'asar, tare da wasu gawawwaki huɗu da ban san ko su waye ba. Daga ɗakunan Ud babu wanda ya zo, kuma ban ga laifinsu ba. Ni ne, da Auwal, da wani ɗan Yaman mai gasa burodi a layinsu, wanda ya ce garinsu yana ɗaya gefen iyakar da Laminu ya mutu, da wasu Larabawa masu neman lada da suka kama makara ba su tambayi launin wanda ke ciki ba. Maƙabartar tana can bakin gari, fili fetal. Ni na shiga ramin. Da na karɓe shi, sanyin ƙanƙarar ya ratso likkafani ya shiga hannuna. Aka jera tubali, aka tura ƙasa, aka kafa dutse ɗaya a kai ɗaya a ƙafa, irin na kowa. Kafin mu kai bakin ƙofa na waiga, na kasa gane wanne ne.

Na dawo gida na yi shiru. Bayan wata uku Auwal ya kira ya ce an mayar da su Ilu gida, kuma an hana su komawa. Na hau mota zuwa Katsina, na bi ta Jibiya na tsallaka, na kwana a Maraɗi, da safe na hau wata tsohuwar akori-kura zuwa ƙauyensu. Na same shi a bayan gida yana gyaran rumbu. Ya rame. Ya shimfiɗa mini tabarma, aka kawo fura, muka gaisa har gaisuwa ta ƙare. Na buɗe baki zan fara abin da na zo faɗa, ya tare ni.

"Baba, an sa shi?"

"An sa shi."

"Da idonka ka gani?"

"Da hannuna na sa shi."

Ya tashi ya shiga wani ɗaki. Na ji yana magana ƙasa-ƙasa, na ji muryar tsohuwa ta yi hamdala sau uku, sannan ta ce a kawo mata abin da ya saura a ƙwarya. Ya dawo ya zauna.

Na ce, "Ilu, ka yafe mini."

"Ni na samu abin da nika so," ya ce. "Da anka ce in zaɓa, da haka zan zaɓa. Ba ni za ka roƙa ba. Mu goma sha ɗaya munka shiga motar nan. Su goman, ba ƙanensu ba ne. Akwai mai ɗiya takwas. Akwai wanda watansa biyar da zuwa, gonarsa ya saida ya tahi." Ya dubi aljihun rigata. "Kana da biro, ai na sani. Kai da ka iya rubuta suna, rubuta."

Na ciro takarda. Ya faɗi suna goma da garuruwansu, ɗaya bayan ɗaya, bai yi tuntuɓe ba. Layi biyu kawai na ja a wannan karon, don babu wanda ke da wurin aiki.

Na je wa uku. Ɗaya ya karɓe ni, ɗaya ya yi kuka, ɗaya ya aiko matarsa ta ce ba ya nan alhali ina ganin takalminsa a ƙofa. Saura bakwai, biyu a Damagaram, ɗaya can wajen Illela. Ku da kuke zama a ƙofar mai faci kuna cewa zamani ya lalace, ya kamata a farfaɗo da tattaki irin na da, ban ce ku fasa ba, don na ga yana aiki. Amma ni nawa bai ƙare ba. Ranar Asabar bayan asuba zan hau mota a Kawo, takardar tana aljihuna. Wanda zai raka ni ya zo da takalmi mai ƙwari.